Ciwon Hannu da Ƙafa da Baki: Abin da Za a Yi Bayan Yaro Ya Yi Cuɗanya da Mai Ciwon

Kafin a shiga wannan darasi, bari mai karatu ya buɗe Littafin Firistoci sura 13, ya karanta daga aya 1 zuwa 8, kāna ya juya zuwa Markus sura 7, ya karanta har aya 23. Za mu komo kansu a gaba.

A daminar bara na je sujada wata ƙaramar ekklesiya a bakin tabki, cikin ƙasar Ngaski, inda ba a zuwa da damina sai da jirgin ruwa. Da a ka tashi, wata 'yar'uwa ta kawo mini ɗanta, yaro ɗan wajen shekara 2, jikinsa da zafi, miyau yana dalala a ƙirjinsa. Ta ce, "Baba Fasto, kwana biyu ke nan ya ƙi nono, ya ƙi koko. A sa mana shi cikin addu'a." Na karɓe shi, na ga waɗansu 'yan ƙuraje a tafin hannunsa, na share masa baki da hannuna, na yi addu'a. Daga nan na tsaya a bakin ƙofa na gaisa da kowa hannu da hannu, kamar yadda mu ka saba. Da na isa gida da maraice, autarmu ta sheƙo a guje, na ɗauke ta, na ba ta ƙosan da na sayo mata a bakinta. Ban wanke hannu da sabulu ba tun safe. Ran kwana huɗu zazzaɓi ya kama ta, kashegari baki ya fashe.

A can ƙauyen kuwa, kafin Lahadi biyu ciwon ya shiga gida biyar. Yaran duka 'yan makarantar Lahadi ne, randa ɗaya su ke sha, moɗa ɗaya. Sai magana ta tashi. Waɗansu su ka ce ai nonon wata Bafilatana ne, gama an ga shanun rugarsu suna ɗingishi. Waɗansu su ka ce uwar yaron nan na fari ta san ɗanta ba shi da lafiya, ta kawo shi cikin yara da gangan. Ita kuwa da ta ji, sai ta daina zuwa sujada. Ga ciwon da ya kan warke cikin kwana 10, ga kuma rauni a jikin ekklesiya wanda ya kusa kai wata uku. Domin wannan na ga ya kamata mu yi nazarin abin tare.

Mene ne ciwon

Likitoci sun fara rubuta labarinsa a shekara ta 1957, a ƙasar Niyu Zilan da kuma birnin Toronto na Kanada. Sa'anda ya ɓarke a Barmingam ta Ingila a 1959 a ka raɗa masa suna bisa ga wuraren da ya ke fitowa, watau hannu da ƙafa da baki. Abin da ke kawo shi ƙwayar cuta ce irin wadda a ke kira bairas, ƙanƙanuwa ƙwarai, har madubin likita na kullum ba ya nuna ta. Ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa ana ce da ita Kwaksaki, sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Niyu Yok ta Amurka, inda a ka samo ta a jikin yara a 1948. Akwai wata kuma, mai lamba 71, wadda a ka gano a Kalifoniya a 1969, ita ce mai mugun hali. Dukansu dangin ƙwayar shan inna ne, a hanji su ke zama, ta baki su ke shiga. Da shi ke iri-iri ne, yaron da ya yi ciwon bana yana iya sāke yinsa baɗi.

Yawanci 'yan ƙasa da shekara 5 ya ke kamawa. Ya kan soma da zazzaɓi da ƙin abinci da ciwon maƙogwaro. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai gyambuna ƙanana su fito a harshe da dasashi da cikin kumatu, masu zafi ƙwarai, shi ya sa yaro ya kan bar miyau yana zuba, don haɗiya azaba ce gare shi. Sa'an nan ƙuraje su fito a tafin hannu da tafin ƙafa, wani lokaci har gwiwa da ɗuwawu, waɗansu su yi ruwa kamar bororo. A jikin baƙar fata ba lalle a ga ja ba, sai a kai yaro cikin haske a buɗe tafinsa a duba da kyau. Cikin kwana 7 zuwa 10 ya kan wuce da kansa. Waɗansu yara, bayan 'yan makonni, fatar tafinsu ta kan saɓule, ko farce ya fita. Kada wannan ya tsoratar da uwa, sabo zai tsiro.

Sai a lura kada a haɗa shi da waɗansu. Ƙyanda ta kan zo da tari da majina da jan ido, ƙurajenta daga fuska su ke sauka. Ƙarambau ya fi yawa a ciki da baya da kai, da ƙaiƙayi mai tsanani. Ƙazwa tana tsakanin yatsu, ba ta zuwa da zazzaɓi, ta kan daɗe. Ƙyandar biri, wadda ta sāke bayyana a Nijeriya a 2017, ita ma ta kan fito a tafi, amma ƙurajenta manya ne masu tauri, da kaluluwa. Ba aikin fasto ba ne ya rarrabe su, ba kuwa aikin kaka ba ne. A kai wa ma'aikacin lafiya ya gani.

Kada kuma mu rena shi don ya kan warke. A 1997 irin nan mai lamba 71 ta kashe yara a Sarawak ta ƙasar Maleshiya. A Taiwan a 1998 mutum 78 su ka mutu, kusan dukansu ƙananan yara. A 2008 a birnin Fuyang na ƙasar Sin yara fiye da 20 su ka rasu cikin 'yan makonni. Ƙwayar ta kan hau ƙwaƙwalwa, ta taɓa numfashi da zuciya. Wannan ba safai ba ne, amma uwar da abin ya faɗa wa ɗanta ba ta da ruwa da ko safai ne ko ba safai ba. Ƙasar Sin ta yi allurar rigakafin wannan iri ɗaya, an soma yi wa yaransu a 2016, amma ba ta cikin alluran da a ke yi wa yaranmu a nan.

Ba boru ba ne

Bari mu wanke Bafilatanar nan tun da wuri. Ciwon da ke kama shanu da tumaki da awaki a baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, wata ƙwaya ce dabam. Sunan ne kawai ya yi kama a bakin Turawa. Ciwon yaran nan ba daga saniya ya ke zuwa ba, ba ya kuwa komawa kan saniya. Daga mutum ya ke zuwa kan mutum. Dafa madara kafin a ba yaro abu ne mai kyau saboda waɗansu cututtuka, amma wanda ya ce nono ne ya kawo wannan ya yi shaidar zur a kan maƙwabciyarsa, ko da bai sani ba. Mu da mu ke zaune da Fulani kasuwa ɗaya, mashaya ɗaya, a kwanakin da ƙaramar magana ta kan zama babbar wuta, sai mu riƙa auna abin da mu ke faɗa.

Hanyarsa huɗu ce: miyau, da majina ko tari, da ruwan ƙurajen, da bayan gida. A makon fari ya fi yaɗuwa. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: bayan yaro ya warke sarai yana wasa, ƙwayar tana nan tana fita cikin kashinsa har makonni. Babba kuma yana iya ɗauka, ba zazzaɓi ba ƙurji, ya kai wa yaran gidansa. Ko a hannuna na kai wa autarmu, ko a cikina, Allah ne ya sani, amma ni na kai.

Kwana bakwai

To, an yi cuɗanyar. Jiya ɗanki ya yi wasa da ɗan maƙwabta, sun sha kunu ludayi ɗaya, yau kin ji an ce wancan ya kwanta da ciwon. Me za ki yi?

Abu na fari, sai in faɗa a fili: babu ƙwaya, babu allura, babu jiƙo da za a ba yaro yau ya hana ciwon fitowa idan ya riga ya shiga. Wanda ya sayar miki da magani a kan wannan ya ci kuɗinki a banza. Kafso da sauran magungunan da a ke kira antibayotik ba su taɓa bairas ko kaɗan, sai dai su ɓata wa yaro ciki. Amma ba kowane yaron da ya yi cuɗanya ne ya ke kamuwa ba, wanda ya kamu kuma ba lalle ya ba ƙannensa ba. A nan aikinki ya ke.

Daga ranar da ƙwayar ta shiga zuwa ranar da zazzaɓi zai fito, kwana 3 ne zuwa 6. Sai ki ƙirga mako guda daga ranar cuɗanyar. Yanzu a duba abin da mu ka karanta cikin Littafin Firistoci. Idan an kawo wa firist mutum mai tabo a fata, abin bai bayyana sarai ba, firist ba ya yanke hukunci nan take. Ya kan keɓe shi kwana bakwai, ya sāke dubawa, in da shakka ya ƙara bakwai. Ba na cewa Musa ya rubuta littafin likita ba. Shari'ar nan a kan tsarki ce a gaban Allah, kalmar da a ka juya mana da kuturta kuwa ta ƙunshi ciwon fata iri-iri. Duk da haka dubi halin da ta ke koya wa jama'a: a duba da ido, a jira, a sāke dubawa, kada a yi gaggawar cewa babu kome, kada kuma a yi gaggawar kore mutum. Mu kuwa mun iya biyun nan duka. Ko mu ce ai zafin haƙori ne, ko mu ce an yi wa yaro baki.

Cikin makon nan, kowace safiya ki taɓa jikinsa, ki buɗe tafin hannunsa da na ƙafa a haske, ki sa ya buɗe baki ki leƙa. Ki lura da cinsa. Yaron da ya saba cinye ƙoƙon koko ya soma turewa, ko ya kai abinci baki ya fashe da kuka, wannan ya kan riga ƙurajen. Muddin lafiyarsa ƙalau, ba sai an kulle shi a ɗaki ba, yana iya zuwa makaranta. Amma a ware masa ƙoƙonsa da cokalinsa, a raba shi da kwano ɗaya da ƙannensa na mako guda. Na san wannan da wuya. Mun tashi ana ce mana yaron da ke ci shi kaɗai marowaci zai zama. Mako ɗaya ba ya mai da yaro marowaci.

Wanda za a fi tsarewa shi ne jariri, musamman wanda bai kai wata 6 ba. Kada mai cuɗanyar ya sumbace shi, ko ya sa masa yatsa a baki, ko a ba shi goyonsa cikin makon. Mace mai ciki, yawanci ciwon ba ya yi wa cikin kome, amma idan haihuwa ta kusa, ta gaya wa ungozomar asibiti, gama jariri sabon haihuwa yana iya ɗauka, shi kuwa ba shi da ƙarfi. Akwai kuma al'adu biyu na ƙauna da za a ajiye: tauna abinci a ba yaro a baki, da share wa yara uku majina da gefen zane ɗaya.

Wankin hannu

Wani dattijo ya taɓa ce mini, da dariya amma da gaske ya ke, "Fasto, ai Ubangiji da kansa ya ce cin abinci da hannu marar wanki ba ya ƙazantar da mutum." Ga dalilin da ya sa na ce a karanta Markus sura 7. Farisawa ba tsoron ciwo su ke yi ba. Wankinsu na al'adar dattawa ne, suna ɗauka da shi mutum ke zama karɓaɓɓe ga Allah, har su ka ɗora shi bisa umarnin Allah. Ubangiji ya nuna musu zunubi daga zuciya ya ke fitowa, ruwa ba ya kai can. Maganar zuciya ya ke yi. Markus da kansa ya rubuta cewa abincin ciki ya ke shiga ya wuce, to, a cikin nan ne ƙwayar ta ke zama. Wanda ya ɗauki wannan sura ya mai da ita izinin ƙazanta bai yi wa Maganar adalci ba. Hannu mai sabulu ba ya kai kowa sama, amma ya kan hana ɗan maƙwabci kwana bakwai na kuka.

A 1847 wani likita a birnin Biyana, Semelwais, ya ga mata masu haihuwa suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi. Ya sa likitocin su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar ta ragu ƙwarai. Abokan aikinsa da yawa su ka ji haushi, don abin ya nuna hannunsu ne ke kai ciwon. Na fahimci haushin nan sa'anda malamar asibiti ta tambaye ni, "Baba, da ka taɓa wancan yaro, ka wanke hannu?"

Yadda mu ke wanki kafin cin tuwo, a kawo kwano ɗaya da ruwa, maigida ya tsoma, manya su tsoma, yara su tsoma a ƙarshe, wannan rarraba dauɗa ne, ƙaramin cikinsu kuma shi ke samun rabo mafi yawa. Sai a zuba da buta, ruwan ya zube ƙasa. A sa sabulu, ko na salo ne, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20 ko fi. Na gwada, wanda ya faɗi Addu'ar Ubangiji a natse yana cuɗawa ya cika lokacin har da ƙari. In babu sabulu a sa toka mai tsabta, ta fi ruwa zalla. Ruwan shafawa na kwalba da mu ka saba da shi a zamanin korona ba ya cin wannan ƙwaya sosai, sabulu da ruwa sun fi shi.

Lokatan da ba a tsallakewa su ne bayan an fito bayan gida, bayan an yi wa yaro tsarki ko an zubar da fo, bayan an share majina ko miyau, da kafin a taɓa abinci ko a ba da nono. Yayyen da ke reno, 'yan mata 'yan shekara 8 ko 10, su ne ke wanke wa ƙannensu kashi a yawancin gidajenmu, su ne kuma ba wanda ya koya musu. A tsaya a kansu a nuna musu.

Kayan da yaro ke kai wa baki, da fo, da tabarmar roba, a wanke da sabulu tukuna, sa'an nan a shafe da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik: babban cokali 2 cikin lita 1, watau ledar ruwan sha biyu. A bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye, a shanya a rana. Wannan na kaya ne, ba na jikin yaro ba, ba na bakinsa ba. A ajiye kwalbar inda hannun yara ba ya kai.

Bakin ruwa

Mu mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga muna da wata matsala da na tudu ba su da ita. Tun da a ka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da tsibirai da yawa, a ka ta da mutane fiye da 40,000, Gungawa da Kambari da sauransu, a ka zaunar da su a sababbin garuruwa, rayuwarmu duka a kan tabkin nan ta ke. A nan a ke kamun kifi, a nan a ke ban ruwan albasa, a nan a ke wanka da wanki, a nan kuma gidaje da yawa ke ɗiban na sha. Sai ka ga uwa ta wanke tsumman kashin yaro a gaɓa, taki goma daga nan wata tana cika tulu, yara kuma suna iyo a tsakani suna kurɓa. Mu kan ce ruwa mai yawa ba ya ƙazantuwa. A tsakiyar tabki wataƙila, amma a gaɓa inda ruwa ke kwance, abin da a ka zuba yana nan. Tsargiya da amai da gudawa sun riga sun koya mana wannan.

Cikin Kubawar Shari'a sura 23 an umarci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tono, ya tona ya rufe. Cikin Littafin Ƙidaya sura 19 kuma an lasafta tukunyar da ba ta da murfi a ɗakin da a ka yi mutuwa marar tsarki ce. Mutanen da ke yawo a jeji ke nan, ba su da siminti. Mu fa? Kashin yaro, wanda mu ke cewa ba kome ba ne, shi ya fi ɗaukar ƙwayar nan. A zuba shi a masai, in babu a tona a binne nesa da ruwa. Tsumman a ɗebo ruwa a wanke shi a tudu, a zubar da ruwan wankin a rami. A yi haka har wata guda bayan yaro ya warke. Ruwan sha kuwa a tafasa na ƙananan yara, a rufe randa, a rataye moɗa mai mariƙi ta ɗiba kaɗai, kowa ya zuba a nasa ƙoƙo.

Idan ya fito

Idan zazzaɓi ya zo, kada a ce ai mun san abin da ke nan. A bakin tabki mu ke, sauro bai tafi hutu ba. A kai yaro a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, gama yana iya ɗauke da biyun a lokaci ɗaya, na sauron kuwa shi ya fi saurin kisa.

Babban haɗarin ciwon a yawancin yara ƙishirwa ce. Baki yana zafi, yaro ya ƙi sha, jiki ya bushe. Domin haka aikin uwa shi ne ta yi ta ba shi kaɗan-kaɗan, cokali-cokali, dare da rana: nono, ruwan randa mai sanyi, koko ko kunu da ya huce. Kada a yaye shi cikin ciwon, kada a hana shi nono. A guji yaji da lemo da tsamiya da abu mai zafi. Farasitamol gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya auna ya kan rage zafin, in an ba shi kamar rabin sa'a kafin abinci sai yaro ya iya haɗiya. Kada a ba yaro asfirin, ko garin maganin ciwon kai na manya, gama yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kada a yi ɗura, yaro mai kuka ya kan shaƙe.

Kada a fasa ƙurajen. Kada a goge bakin da kanwa ko gishiri ko tsumma, kada a barbaɗa garin kafso. Fiye da duka, kada a kira wanzami. Na san sa'anda yaro ya ƙi nono, kakanni su kan ce beli ne, a cire. Belin ba shi da laifi. Yanka a cikin bakin da ya riga ya cika da gyambo, da aska wadda ta fito daga bakin wani yaro, yana jawo zubar jini da ruɓa, ya ƙara hana shi sha. Ya ku surukai mata, ku yi haƙuri da ni a kan wannan, ku bar uwar yaro ta bi maganar asibiti.

Amma ga alamun da ba a kwana da su a gida: yaro ya wuni bai yi fitsari ba, ko yana kuka ba hawaye, ko maɗigarsa ta faɗa, zazzaɓi ya wuce kwana 3, barci mai nauyi da ba a iya tashe shi sosai, yawan zabura da firgita cikin barci, amai a kai a kai, hannu ko ƙafa ta saki, ko tafiya da tangaɗi, sanƙarar wuya, numfashi da sauri, jijjiga. Ko ɗaya daga cikinsu, a tafi babban asibiti, Yelwa ko Wara ko wanda ya fi kusa. Wanda ke tsibiri ko ƙetaren ruwa kada ya jira alamar ta yi ƙarfi, gama dare ya kan yi, iska ta kan taso, mai jirgi ya ƙi tashi. Tun yaro yana kwana na fari a san jirgin wa za a shiga, a san inda kuɗin mai zai fito. Saki na ƙafa kuwa dole a sanar da ma'aikatan lafiya, ko da shi ke an shaida Afirka ta rabu da shan inna na daji a 2020, har yanzu ana bin sawun kowane yaron da ƙafarsa ta saki.

Abin da ya shafi ekklesiya

Shawarata ita ce yaron da ciwon ya fito masa ya zauna a gida har zazzaɓi ya tafi, baki ya warke, ƙurajen su bushe. Yawanci Lahadi ɗaya ce zai rasa, in ta yi yawa biyu. Uwar da ta zauna da shi ba ta yi rashin bangaskiya ba. Amma ekklesiya ce za ta sa wannan ya yiwu. Idan mun ce mata ta zauna, sa'an nan ba wanda ya leƙa ta, korarta mu ka yi. Ubangijinmu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, bisa ga Markus sura 1, ya kuma aike shi wurin firist a duba shi yadda shari'a ta ce. Sai mu je gidan, mu kai itace da ruwa, mu yi addu'a, mu ɗora hannu in an roƙa, mu wanke hannun da sabulu kafin mu fita. Na ƙarshen ne na manta.

Uwa kuma ta faɗa da wuri. Ta aika wa malamin makarantar Lahadi da maƙwabta cewa ɗana ya kamu, ku lura da naku. Ba za ta faɗa ba idan ta san za a zarge ta. Almajirai sun tambayi Ubangiji zunubin wa ya sa a ka haifi wani makaho, cikin Yohanna sura 9, ya kawar da tambayar tasu. Yaro yana iya ba da ƙwayar tun kafin ƙurji ya fito, wani kuma ya ba da ita ba tare da ya taɓa kwantawa ba. Ba mai iya nuna gidan da ciwo ya soma.

Bokitin nan mai famfo da kowace majami'a ta saya a 2020, yawancinsu suna ɗakin ajiya, kaji suna ƙwai a ciki. Dattawa su fito da shi, a sa shi a ƙofar ɗakin yara, a ɗora wa mutum ɗaya nauyin ruwa da sabulu kowace Lahadi. Moɗa ɗaya ta yara talatin kuma a sallame ta, kowane yaro ya zo da ƙoƙonsa.

Na koma ƙauyen nan bayan kaka. Na tsaya a gaban jama'a na ba da labarin autarmu, na ce idan ana neman wanda ya yaɗa ciwon, ga hannun da ya gaisa da mutum sittin a bakin ƙofa. Bayan sujada uwar zumuntar mata ta ɗauki mata biyu su ka tafi gidan 'yar'uwar nan. Ta komo Lahadi ta biyu, ta zauna a bencin baya. Bafilatanar kuwa ta riga ta sauya hanya, tana kai nononta wani ƙauye. Na roƙi dattawa su je rugar su gai da mijinta, sun ce za su je idan an gama girbin shinkafa.